Mene ne ainihin ma'anar “semi-detached”, kuma me ya raba shi da “duplex” da “terrace”?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san Turanci da kuma waɗanda suka san harkar gini, domin na lura ta shafi ɓangarorin biyu. A tallan gidajen da ake yi a Abuja da Kaduna, kalmomi uku ne suke yawan fitowa, wato “fully detached” da “semi-detached” da “terrace”, kuma kusan kullum sai an liƙa musu “duplex” a baya. Ta farkon ba ta ba ni wahala, domin na gane gida ne da yake tsaye shi kaɗai a cikin filinsa. Ta biyun ce ta ɗaure mini kai. Idan “detached” tana nufin abin da yake a ware, “semi” kuma tana nufin rabi, ta yaya gida zai zama rabinsa a ware? Wani ya ce mini gidaje biyu ne da suke maƙwabtaka da juna, amma ai kowane gida a unguwarmu yana da maƙwabci, kuma ban taɓa jin an kira shi da wannan suna ba. Ina roƙon a fayyace mini ma'anar, da inda ake amfani da ita, da kuma yadda ya kamata a faɗe ta da Hausa.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Wanda ya ba ka amsa bai yi ƙarya ba, amma ya bar muhimmin abin a baya. Kusanci ba shi ne ma'aunin ba, bango shi ne ma'aunin. Ana kiran gida “semi-detached” idan an gina shi tare da wani gida guda ɗaya a matsayin gini guda, suna tarayya a bango ɗaya, sauran ɓangarorinsa uku kuma ba su taɓa ginin kowa ba. Kowanne yana da ƙofarsa ta shiga, kowanne na iyali guda ne, kuma babu wanda yake zaune a saman wani. Saboda haka rabin da kake tambaya a kai ba rabin gidan ba ne, rabin keɓewar ce: ta gefe guda a haɗe yake, ta ɗaya gefen a sake.

Turanci yana da kalmomi da dama na maƙwabtaka, kuma ba ɗaya suke ba. “Neighbouring houses” su ne gidajen da suke kusa da juna a unguwa, ko da akwai layi a tsakaninsu. “Next door” shi ne gidan da yake biye da naka. “Adjacent” tana nuna cewa suna dab da juna, ko sun taɓa ko ba su taɓa ba, ita kuwa “adjoining” ta fi nuna cewa sun haɗu. Duk waɗannan suna bayyana inda gida yake ne idan an kwatanta shi da wani. “Semi-detached” kuwa suna ne na nau'in gini, kamar yadda za ka ce bene. Shi ya sa ba za ka ce gidanka “semi-detached” ne da gidan wane don kawai kuna jin muryar juna ba.

Hajiya Binta, Leeds:
Malam ya faɗi daidai, kuma zan ƙara da abin da ido yake gani, tunda a irin wannan gida muke zaune. Idan ka tsaya a bakin titi, za ka ga gini ɗaya mai rufi ɗaya, amma da ƙofofi biyu da lamba biyu, tsarin na dama kuma kishiyar na hagu ne, kamar tafin hannun dama da na hagu. A namu, bututun hayaƙi guda ne a tsakiyar rufin, rabinsa namu rabinsa na maƙwabta, domin falonmu da nasu su ne suka jingina da bangon tsakiya, matakala da ƙofar shiga kuma suna can gefen waje. Akwai waɗanda aka juya tsarin, aka sa matakala da barandar shiga a jikin bangon tsakiya, kuma mutane sun fi son irin waɗannan saboda ɗakunan kwana sun yi nesa da juna, hayaniya ba ta ratsowa sosai. Iyakar ma a bayyane take ga mai lura: maƙwabtanmu sun yi wa nasu ɓangaren farin fenti, namu kuma jan bulo ne, sai ka ga layin fentin ya sauko a miƙe daga rufi har ƙasa. A gefenmu akwai ɗan lungu da muke bi da kwandon shara zuwa bayan gida ba tare da mun ratsa ta cikin falo ba, kuma wannan lungun yana cikin manyan abubuwan da suke sa irin wannan gida ya fi na jere tsada.

A nan ba a ma cika faɗin kalmar gaba ɗaya ba, sai dai a ce “a semi”, kowa ya gane. Shi ne nau'in gidan da ya fi yawa a Ingila da Wales. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin kashi 31 cikin 100 na iyalai a irinsa suke zaune. Yawancinsu an gina su ne bayan yaƙin duniya na farko. A 1918 wani kwamitin gwamnati ya ba da shawarar kada gidajen ma'aikata su wuce 12 a kowace eka, a 1919 kuma aka yi dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi gina gidaje da tallafin gwamnati. Daga nan zuwa 1939 an gina kimanin gidaje miliyan 4, masu yawa daga cikinsu a bayan gari inda jirgin ƙasa da motocin haya suka isa. Gina biyu a haɗe ya rage kuɗin bango da na fili, amma ya bar wa kowane iyali lambu a gaba da baya, abin da tsofaffin gidajen jere na cikin gari ba su da shi.

Alhaji Garba:
Hajiya, mun gode da wannan bayani. Ni dillalin gidaje ne a Kano, kuma zan faɗi yadda muke amfani da kalmomin a kasuwa, domin shi ne abin da Baban Ilham zai tarar idan ya fita nema. A wurinmu “duplex” gidan bene ne na iyali guda, falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, matakala a ciki. Wanda ba shi da sama kuma “bungalow” ne. To kalmar da take gaba ita ce take gaya maka yadda yake da maƙwabcinsa. Idan an ce “fully detached duplex”, bene ne shi kaɗai. Idan an ce “semi-detached duplex”, bene ne biyu a haɗe. Idan an ce “terrace duplex”, benaye ne a jere, huɗu ko biyar ko fiye, kowanne ya manne da na kusa da shi. Farashi ma haka yake sauka, daga na farko zuwa na ƙarshe, idan unguwa ɗaya ce kuma yawan ɗakuna ɗaya ne. Akwai kuma “semi-detached bungalow”, wanda ake yawan gani a rukunin gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi.

Usman, Filadelfiya:
Alhaji, a nan ne ake samun ruɗani idan mutum ya fita waje. A Amurka, idan ka ce “duplex”, abin da mutane za su fahimta shi ne gini ɗaya da aka raba gida biyu don iyalai biyu, ko dai gefe da gefe, ko kuma ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Sau da yawa mutum guda ne yake da ginin duka, yana zaune a ɓangare ɗaya, ya sa 'yan haya a ɗayan. Wato abin da Hajiya take kira “semi” a Ingila, da yawa a nan “duplex” za su ce masa. A yankin Filadelfiya kuma akwai sunansa na musamman, “twin”, gidajen jere kuwa, waɗanda suka cika birnin nan da Baltimore, “row houses” ake ce musu, sababbin da ake ginawa kuma a ce “townhouses”. Kalmar “terrace” ba a amfani da ita a wannan ma'ana a nan. Saboda haka idan ka ce wa Ba'amurke ka sayi “fully detached duplex”, zai ɗauka ka sayi gini mai gida biyu kana shirin saka 'yan haya.

Malam Habu:
Abin da Usman ya kawo shi ne dalilin da ya sa nake ganin yadda muke amfani da “duplex” a Najeriya kuskure ne da ya bi jiki. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta abin da yake ninki biyu. Turawan Ingila ba su cika amfani da ita ga irin waɗannan gidaje ba, Amurkawa kuma da suke amfani da ita, gida biyu suke nufi. Mun aro kalma daga Amurka, mun sauya mata ma'ana, sannan mun haɗa ta da kalmar Ingila a jimla ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta haka a jarrabawar Turanci ta ƙasashen waje zai iya rasa maki.

Injiniya Sabo:
Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Ninki biyu ne, gaskiya, amma kalmar ba ta faɗi abin da aka ninka ba. A New York, idan aka ce “duplex apartment”, ana nufin masauki guda mai hawa biyu da matakala a cikinsa, kuma Usman zai iya tabbatar da haka. Wato ma'anar hawa biyu tana nan a Turancin Amurka ma, mu dai mun ɗauke ta ne muka ɗora wa gida sukutum. Tunda masu zanen gini da bankuna da lauyoyi da hukumomin gwamnati a Najeriya duk da wannan ma'ana suke rubuta takardunsu, ta zama Turancin Najeriya. Abin da ya kamata a koya wa ɗalibi shi ne ya san da wa yake magana. Na yarda da kai cewa a jarrabawa ya kiyaye.

Usman, Filadelfiya:
Haka ne, Injiniya, ana amfani da ita a haka a New York, musamman a tallan gidajen haya masu tsada.

Injiniya Sabo:
Madalla. Yanzu bari in koma kan bangon nan na tsakiya, domin a wurina shi ne ya sa sanin ma'anar kalmar yake da amfani, kuma shi ne masu saye ba sa dubawa. Mutum zai shiga gida ya duba tayil da fenti da fitilun silin, ya manta da cewa akwai bango guda wanda ba nasa ba ne shi kaɗai.

Abu na farko da nake dubawa shi ne kaurin bulon. Akwai masu gini da suke sa bulo mai inci 6 a tsakanin gida biyu kamar yadda suke raba ɗaki da ɗaki, alhali mafi ƙaranci da ya dace shi ne mai inci 9, an yi masa filasta mai kyau ta kowane gefe. Wanda ya fi shi ne a yi bango biyu da ɗan sarari a tsakani, domin sararin yana rage ratsowar sauti. Abu na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne inda bangon ya tsaya. Na sha hawa cikin silin na haska fitila, in tarar bangon ya ƙare daidai da silin, daga nan zuwa kwano babu komai sai katakon rufi da wayoyin lantarki, sarari guda daga wannan gida har wancan. Idan gobara ta tashi a kicin ɗin maƙwabcinka, ta cikin wannan sararin za ta bi katako ta sauko maka a ɗakin kwana, kuma wanda ya shiga silin ɗin wancan gida zai iya rarrafowa ya sauka a naka. Ka'idar ita ce bangon ya hau har ya tokare rufin, wasu ma suna fitar da shi ya ɗan zarce kwanon. Duk wanda zai sayi irin wannan gida, ya sa a buɗe masa ƙofar silin ya leƙa da idonsa, ko ya tura wanda ya sani.

Sai kuma abin da yake ƙarƙashin ƙasa. Harsashin bangon tsakiya ɗaya ne, don haka idan maƙwabcinka ya haƙa rijiya ko sokawe dab da shi, ko ya ƙara hawa a nasa ɓangaren ba tare da lissafi ba, tsagewar a bangonku za ta fito ku biyu. A tambaya kuma ko sokawe da tankin ruwa na kowa daban ne, domin mai gini yakan haɗa su don rage kuɗi, rigimar wanda zai biya kuɗin kwashewa kuma ta biyo baya. Na ƙarshe, takarda. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, gwamna ne yake ba da takardar shaidar mallaka a jiha, a Abuja kuma minista. Rukunin gidaje da yawa takarda guda ce da su a kan filin gaba ɗaya da sunan kamfanin da ya gina, mai saye kuma takardar ciniki kawai yake riƙe da ita. Ya kamata mutum ya san ko ɓangarensa yana da zanen safiyo nasa, wanda ya nuna iyaka ta bi ta tsakiyar bangon.

Isufu Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar daga Nijar, kuma ina ganin Faransanci zai taimaka wajen neman kalmar Hausa da Baban Ilham ya tambaya, wadda har yanzu ba a taɓa ba. Irin wannan gida ana ce masa “maison jumelée”, kalmar kuma daga sunan tagwaye ta fito. Bangon tsakiya kuwa “mur mitoyen” ne, kuma dokar farar hula ta Faransa, wadda tamu ta samo asali daga gare ta, tana ɗaukar bangon da ya raba gini biyu a matsayin na su biyun, sai idan akwai takarda ko wata alama da ta nuna na mutum ɗaya ne. Tunda Usman ya ce a Filadelfiya ma “twin” suke cewa, ina ganin “tagwayen gidaje” ita ce fassarar da ta fi dacewa. Gajera ce, kuma Bahaushe zai gane ta nan take.

Malam Habu:
Malam Isufu, kalmar tana da daɗin faɗi, kuma na san 'yan jarida suna son irinta, amma ina da ja a kanta. Tagwaye a Hausa kama da zuwa tare take nunawa, ba mannewa ba. Muna cewa tagwayen hanyoyi, alhali akwai tsibiri a tsakaninsu, muna kuma cewa tagwayen masallatai. Idan wa da ƙani suka sayi fuloti biyu suka gina gidaje iri ɗaya, da lungu a tsakani, duk unguwa za ta kira su tagwayen gidaje, amma a Turanci kowannensu “detached” ne. Fassarar da ta bar bangon a baya ta bar ainihin ma'anar. Ni zan fi son a ce “gida mai haɗin bango ta gefe ɗaya”, na jere kuma a ce “gida mai haɗin bango ta gefe biyu” ko “gidajen jere”. Ta yi tsawo, na sani, amma a takardar ciniki ko a gaban alƙali tsawo ba aibi ba ne.

Isufu Maraɗi:
Na fahimci hujjarka, Malam. To me zai hana a haɗa, a ce “tagwayen gidaje masu bango ɗaya” a farkon magana, daga baya a taƙaita? Akwai kuma wata matsala da na hango a tawa shawarar: Bature yana iya cewa ya sayi “a semi”, yana nufin ɗaya daga cikin biyun, mu kuwa ba mu da tilo mai sauƙi, sai dai mu ce ɗaya daga cikin tagwayen.

Alhaji Garba:
Ni dai abin da nake ce wa mai saye shi ne “biyu ne a haɗe, ɗaya za ka ɗauka”, kuma ban taɓa samun wanda bai gane ba. Amma ina da tambaya ga Malam Habu. A cikin birni, a Kano ko Zariya ko Katsina, ai gidajenmu na gado a manne suke, wani ɗakin ma bangonsa shi ne bangon ɗakin maƙwabci. Ke nan su ma “semi-detached” ne tun kafin Bature ya zo?

Malam Habu:
Tambaya ce mai kyau, Alhaji, kuma amsata ita ce a'a, saboda dalili biyu. Na farko, sai mu raba katanga da bango. Yawancin abin da muke tarayya a kansa a unguwanninmu katanga ce, wadda ta kewaye tsakar gida, kuma gida biyu da katanga kawai ta haɗa su, ɗakunansu ba su taɓa juna ba, a Turanci “detached” ne kowannensu. Na biyu, ko inda ɗaki ya jingina da ɗaki, gidan cikin birni yakan manne da gida biyu ko uku ta ɓangarori daban-daban, an kuma gina su a lokuta daban-daban, wani ma an yanke shi ne daga babban gida wajen rabon gado. Kalmar Turancin kuwa an yi ta ne don gida biyu da aka zana tare, aka gina tare, suna fuskantar titi. Gidanmu na gargajiya ciki yake fuskanta, iskarsa da haskensa daga tsakar gida suke zuwa, daga waje zaure kawai ake gani. Bature ya damu da yawan gefen da suke a sake ne domin ta nan tagoginsa suke shan iska. Saboda haka idan za a bayyana gidan cikin birni da Turanci, gara a ce “compound” ko “courtyard house”, a bar waccan kalmar ga ginin da aka yi ta dominsa.

Malam Nuhu:
Ina so in ƙara wani abu ta fuskar fiƙihu, domin ko da sunan baƙo ne, hukuncin bangon da yake tsakanin maƙwabta biyu tsoho ne a wurinmu. Hadisin Abu Huraira, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itacen rufinsa a jikin bangonsa. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauki wannan a matsayin abin da ake so mutum ya yi, ba wanda alƙali zai tilasta masa ba, kuma haka yake a Risala. A can ne kuma aka ce idan biyu suka yi jayayya a kan bango, ana hukunta shi ga wanda ɗaurin ginin ya shiga cikin nasa ginin. Wannan ya yi daidai da abin da Malam Isufu ya ce game da alama.

Wurin da ma'anar kalmar take da tasiri sosai shi ne shuf'a, wato haƙƙin mutum na karɓar kason da aka sayar wa wani bare ta hanyar biyan kuɗin da aka saye shi. Wasu suna zaton idan maƙwabcinsu na haɗin bango zai sayar da gidansa, dole ne a fara yi musu tayi. A mazhabar Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a cikin abin da ba a raba ba, bisa hadisin Jabir da ya nuna cewa idan an sanya iyakoki an fitar da hanyoyi to babu shuf'a. Hanafiyya ne suke ba maƙwabci wannan haƙƙi. Gidan da ake magana a kai kuwa, kamar yadda aka bayyana shi a sama, kowanne da ƙofarsa da iyakarsa, don haka maƙwabtaka ce, ba tarayya a cikin gidan ba. Amma idan magada biyu ne suka gaji ginin duka ba a raba musu ba, hukuncin daban ne. Duk da haka, sanar da maƙwabci kafin sayarwa yana cikin kyautata maƙwabtaka, musamman ga wanda rufinku ɗaya.

Hajiya Binta, Leeds:
Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da kuka faɗa ya tuna mini da dokar da ake bi a nan, wadda aka yi a 1996 musamman don bangon tsakiya, wanda suke kira “party wall”. Idan za ka yi aikin da ya taɓa shi, kamar ka huda shi ka sa ƙarfen da zai ɗauki sabon ɗaki a sama, sai ka ba maƙwabcinka sanarwa a rubuce wata biyu kafin ka fara. Idan kwana 14 suka wuce bai amince ba, ana ɗaukar cewa akwai saɓani, sai a naɗa masanin gini ya duba yanayin bangon ya rubuta yadda za a yi aikin da wanda zai biya idan an yi ɓarna.

Game da “terrace” kuma, kada a ɗauka kalmar kanta tana nuna talauci ko arziki. A birnin Bath akwai jerin gidaje 30 da aka gina a lanƙwashe kamar jinjirin wata, waɗanda aka fara a 1767, kuma na masu hali ne har yau. A nan Leeds kuma akwai waɗanda ake kira “back-to-back”, da aka gina wa ma'aikatan masana'antu, sun haɗa bango ta dama da hagu da kuma baya, ƙofa da tagogi ta gaba kawai. An hana gina sababbi a dokar 1909 saboda rashin iska, amma a Leeds an ci gaba da waɗanda aka riga aka amince da su har 1937, kuma mutane suna zaune a cikinsu har yanzu.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, jama'a, na ƙaru sosai. Saura abu ɗaya da bayanin Malam Habu ya tayar mini. Idan gidaje biyar ne a jere, na farko da na ƙarshe ai bango ɗaya kawai suka haɗa da wani, gefe uku a sake. Su ma ke nan sun cika sharaɗin?

Hajiya Binta, Leeds:
A nan ba a kiransu haka. Sunansu “end of terrace”, na tsakiya kuma “mid-terrace”. Na ƙarshen yakan fi na tsakiya tsada, amma mai talla ba zai rubuta shi a matsayin “semi” ba, domin sharaɗin shi ne ginin ya zama na gida biyu kacal. Akwai ma wani nau'in da ake kira “link-detached”, inda gareji ne kawai ya haɗa gidajen, ɗakunan zama ba su taɓa juna ba.

Injiniya Sabo:
A Abuja na ga ana tallan gidan ƙarshen jere da sunan “semi-detached”, a kuma sa masa kuɗin da ya kusa na ainihin. Bambancin ba na suna ba ne kawai. A jere, rufi da magudanar ruwa da sau da yawa sokawe na mutum biyar ne ko fiye, don haka duk gyaran da ya taso sai an nemi yardar mutane da yawa, kuma filin da yake gefen na ƙarshen wani lokaci ba nasa ba ne, hanyar shiga ce ta kowa. Mai saye ya zagaya bayan ginin ya ƙirga ƙofofin kicin, zai san gida nawa ne a ƙarƙashin rufin.

Alhaji Garba:
Gaskiya ne, Injiniya, ana yin haka, kuma wasu dillalan ba da niyyar cuta suke yi ba, su ma haka aka ba su sunan daga wurin mai gini. Ni a takardar ciniki ba na barin kalmar Turancin ta tsaya ita kaɗai. Ina sa a rubuta lambar gidan, da gefen da yake, dama ko hagu idan ka fuskance shi daga titi, da faɗin fili da tsawonsa, da cewa bangon tsakiya da abin da yake kansa na rufi na su biyu ne, babu mai rushewa ko ƙara gini a kai sai da yardar ɗayan. Idan mai sayarwa ne ya gina duka biyun kuma yana riƙe da ɗayan, ina neman ya sa hannu a kan wannan sharaɗin a gaban shaidu, domin ya bi gidan ko da ya sayar wa wani daga baya. Malam Nuhu, idan akwai abin da ya kamata a ƙara a wannan sharaɗi ta fuskar shari'a, musamman game da tagar bene da take leƙa tsakar gidan maƙwabci, ina so in ji, domin a kan wannan aka fi kawo mini ƙara.